Tani Mai Kitso da 'Yar Farinta

Yayata Tani ba ta taɓa zama a aji ba, amma na ga masu digiri sun zauna a gabanta da biro suna rubuta abin da take faɗa. A Dutsin-Ma in ka ce gidan Tani mai kitso, ɗan kabu-kabu ba ya tambayar kwatance. Ni ce Hasana, ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, Adda nake ce mata. Ina da hannu a cikin abin da zan faɗa, don haka kada wani ya ɗauka wanke kaina na zo yi.

A Tamawa aka haife mu, ƙasar Kurfi. Mahaifinmu Sodangi Bafulatani ne da shanu suka ƙare masa tun muna ƙanana, Fulatancin ma bai bar mana komai ba sai kalmomin zagi da na kiran saniya. Gadon da muka samu cikakke shi ne kunya. Innarmu Kulu ta riƙe ta da hannu biyu. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan Tani ba, saboda Tani ce 'yar farinta. Daga "ke" sai "waccan". In baƙuwa ta tambaye ta 'ya'yanta nawa, daga kaina take fara lissafi. Ni abin yana ba ni haushi tun ina yarinya, amma Tani ba ta taɓa ganin aibunsa ba. A wurinta alamar gidan mutunci ce, har alfahari take yi da ita.

Da ta auri Alu mai hatsi ta dawo Dutsin-Ma, haihuwarta ta farko mace ce, aka sa mata Fiddausi. Ranar da aka yaye yarinyar Inna ta goya ta sai Tamawa, can ta tashi. Tani ta yi wa 'yarta abin da aka yi mata, ba ragi. Ba ta kiran sunanta, ba ta zama tabarma ɗaya da ita, ba ta taɓa sa hannu a kanta ba. Mai kitson da amare ke layi a gidanta, ni ce nake yi wa 'yarta kalaba karkatacciya in mun je gida sallah. Fiddausi ta ji ina cewa Adda, ita ma ta ɗauka. Ni kuma Yafendo take ce mini, yadda ake kiran ƙanwar uwa a gidanmu.

Kada a ce ba ta sonta. Na sha ganin Tani ta zaɓi atamfar da ta fi kyau a kasuwar Laraba, ta miƙo mini ta kau da kai ta ce in kai Tamawa ko akwai mai so.

Bayan rasuwar Alu kitso ya riƙe ta. Rumfa ce ta kwano a tsakar gida, da tabarma da kujera 'yar tsuguno da gwangwanin man kitso. Halinta ɗaya da ya bambanta ta da sauran masu kitso, ba ta korar kowa. Akwai mata a garin nan da ba a son zancensu: masu shan kodin a cikin robar lemo, masu haɗiyar tiramol, da masu allurar fenta, maganin ciwon nan da in jiki ya saba da shi ba ya sakin mutum. Wasu zawarawa ne, wasu ɗalibai, wasu kuma matan aure ne da hijabinsu har ƙasa. Sauran masu kitso ba sa karɓarsu, wai suna gyangyaɗi a kan cinya, suna ɓata wa gida suna. Tani ta ce ita kai take kitsawa, kuma ba ta ga kan da ya fi wani ba. Da nauyin wuya kawai take gane abin da mace ta sha. Ta gyara mata zama, ta ci gaba da aikinta.

A nan Sista Maimuna ta same ta. Ma'aikaciyar jinya ce da ke aiki da wata ƙungiya mai raba maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki. Ƙwaya ce da wanda ba shi da cutar zai riƙa sha guda ɗaya kullum, ko ya haɗu da ita ba za ta kama shi ba. Matan da ke karɓa-karɓar allura ɗaya, ko suke bin maza don samun abin saye, su suka fi bukatarta. Sista Maimuna ta yi wata huɗu tana jiransu a ofis, kujeru sai ƙura. 'Yan kaɗan da suka karɓa ma a hanya suka yar, don robar iri ɗaya ce da ta masu cutar, kuma tana kacau-kacau a jaka. Wata rana ta zo a yi mata shuku, ta ga matan da take nema zaune reras suna jiran layi suna taunar cingam. Ba a gama kitson ba sai da ta ɗauki Tani aiki.

Aka kai ta Katsina horo na mako ɗaya. Ta dawo da jaka da wata riga mai tambari da ba ta taɓa sawa ba, da ita take rufe kwandon barkono. Amma abin da aka koya mata ya zauna daram, ta kuma ƙara da nata.

Dabararta ita ce ba ta kallon fuskar kowa. Mace tana zaune tsakanin gwiwoyinta, ta ba ta baya, kanta yana hannunta awa biyu, ba inda za ta. Sai Tani ta fara magana a hankali da ƙeyarta. Ba ta cewa a daina shaye-shaye ranar farko. Cewa take a rayu tukuna, sauran zance ya biyo baya. Ta gaya mata cewa kwanakin farko ƙwayar tana iya tayar da zuciya, kada ta tsorata, yana wucewa. Ta cusa auduga a robar don ta yi shiru. Mai sallah ta ɗaura mata sha a kan asuba, wadda sallah ta kuɓuce wa ta ɗaura mata a kan kokon safe, ba tare da ta yi mata wa'azi ba. In kitso ya tsufa mace za ta dawo, daga nan Tani ta ji ko ana sha ko an yi fashi. Duk wata uku ta raka su gwaji da ƙafarta.

Dokokinta biyu ne, kuma har Sista Maimuna ba ta isa ta sa ta karya su ba. Ba a ba kowa ƙwaya sai an gwada jini an ga ba ta da cutar. Ba a kuma ba kowa sai an zauna an yi magana. Takan ce ƙwaya ba ta da baki, ita ce bakinta.

Mutane sun yi surutu, ba shakka. Wata maƙwabciya ta ce Tani na ɗaure wa 'yan iska gindi. Ni na fita na ba ta amsa, kuma ba zan maimaita a nan ba. Cikin shekara biyu mata fiye da talatin suna shan maganin ta hannunta, ba wadda ta kamu a cikinsu. Baƙi suka fara zuwa da motoci daga Katsina su ga yadda take yi.

A wannan tsakanin ne rayuwar Fiddausi ta karye a Kurfi. Ta yi aure can, ta samu ciki, naƙuda ta yi tsawo aka yi mata aiki, ɗan bai zo da rai ba. Don zafin ɗinki aka fara yi mata allurar fenta. Da aka sallame ta wani mai kemis ya ci gaba da yi mata, daga baya ta koyi yi wa kanta. Auren bai kai shekara bayan haka ba ya mutu. A damunar nan kuma Inna ta rasu, wadda ita kaɗai ce uwar da yarinyar ta sani. Tana da shekara ashirin da biyu ta tattaro kayanta ta zo gidan Tani, aka ba ta ɗakin da tagarsa ke kallon rumfar kitso.

Mu ba mu san zancen allura ba a lokacin. Ramarta da yawan barcinta muka ɗora wa baƙin ciki. Zamansu a gidan kuwa in ka gani sai ka yi dariya ko ka yi kuka. Mutum biyu ne rak, amma Tani in ta sauke tukunya sai ta ajiye kwano a bakin ƙofa ta ce wa iska abinci na nan ga mai ci. Wani manemi ya fito, aka yi gwajin jini na aure kamar yadda ake yi yanzu, takarda ta fito lafiya lau. Tani ta gani, ni ma na gani. Bayan mako biyu mutumin ya janye bai faɗi dalili ba, muka ce ba rabo.

Mas'uda ce ta faɗi dalilin. Tana cikin matan Tani na farko, mai allura ce, bakinta ba ya ɓoye komai. Ana tsakiyar yi mata kitso ta ce, "Inna Tani, ke da ke gane mutum da wuyanshi, ba ki gane ta cikin gidanki ba? Ɗiyarki tare mu ke. In sirinji ya yi ƙaranci guda mu ke zagayawa da shi."

Mas'uda ta gaya mini daga baya cewa hannun Tani bai ko tsaya ba. Ta gama kitson tsaf, ta shafa mai, ta sallame ta. Sannan Tani ta zo gidana da rana tsaka, takalmanta ba iri ɗaya ba. Ta san gidan da suke taruwa. Ta kuma san abin da Mas'uda ba ta sani ba, cewa a cikin masu zuwa gidan akwai wadda ke ɗauke da cutar kuma ta daina shan maganinta. Amana ce, ba ta faɗa mini suna ba, har yau ban sani ba. Mas'uda da sauran suna da kariya a jikinsu. Fiddausi ce kaɗai ke shiga gidan nan ba komai.

Na ce to ai da sauƙi, wata ɗaya da ya wuce jininta lafiya yake, ga magani, ga wadda ta fi kowa iya zancen a garin nan. Na ce ta tashi ta je ta zaunar da ita.

Ta dube ni kamar na ce ta tuɓe a kasuwa. Ta ce, "Da wane ido? In ce mata mi? In yi mata zancen maza da allura, ni?"

Ni ta aika. Ga laifina nan. Na je da niyyar faɗa mata komai, na samu yarinyar kwance ta rufe hannayenta da mayafi a cikin zafin nan. Ta ɗago ta ce sannu Yafendo, da muryar Inna sak. Ashe kunyar da nake zagi ni ma tana jikina, ba ta dai samu ranar fitowa ba. Na yi ta kewaye-kewaye, duniya ta lalace, a kula da ƙawaye, a riƙe addu'a. Ban ambaci allura ba, ban ambaci magani ba. Ta saurare ni har na gama, ta tambaye ni ko Adda ce ta aiko ni. Na ce a'a, ni dai na ga ya dace. Ta ce to ta gode, ta juya ta fuskanci bango.

Na koma na ce wa Tani na kasa, kuma ko na iya ba muryata yarinyar ke jira ba. Ta yi ƙoƙari sau ɗaya, wannan zan shaide ta. Ita ta ba ni labari. Ta je ta tsaya a ƙofar ɗakin ta ce, "Ke." Fiddausi ta tashi zaune da sauri ta ce, "Na'am, Adda." Tani ta ce ta ga idon yarinyar a kanta yana jira, ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne a kwashe shanya, hadari ya taso.

Na ce to a gaya wa Sista Maimuna ta yi mata magana. Nan ma ta ƙi. Matar da ake zuwa da mota kallon aikinta, a ce 'yar cikinta tana allura a ɗakin da ke kallon rumfarta? Ta roƙe ni in rufa mata asiri har ta samu dabara. Na yarda. Wannan ne laifina na biyu, kuma ya fi na farko.

Dabarar da ta samu ita ce ta karya dokokinta biyu a rana ɗaya. Akwai robobin wata mata da ta bar gari, waɗanda ya kamata ta mayar ofis. Ta ɗauki ɗaya ta cusa auduga, ta haɗa da sababbin sirinji, ta jira Fiddausi ta shiga wanka ta ajiye mata a kan matashi. Ba gwaji, ba magana. Washegari ta leƙa ba ta ga komai a wurin ba. Ta zo mini fuskarta a sake, rabon da in ga haka tun rasuwar Inna, ta ce an ɗauka. Ta ce yarinyar tana jin duk abin da ake faɗa a rumfa, ta san yadda ake sha, ba sai an gaya mata ba. Bayan wata ta sake ajiye wata, ita ma ta ɓace. Da wata na uku ya zo robobi sun ƙare, ta ce mini za ta san yadda za ta yi, ban kuma bi ba'asi ba saboda ni ma ina son in yarda.

Haka muka ci wata bakwai. Tani na zaune a rumfa tana lallashin 'ya'yan mutane, tana kiran kowace da sunanta, tana tsokanarsu, wadda ta yi kuka ta share mata hawaye da gefen zaninta. Taku biyar daga nan taga ce a buɗe.

Abin da ya tashe ni zazzaɓi ne. Fiddausi ta kwanta mako biyu, maƙogwaro ya kumbura, ƙuraje suka feso mata, aka yi maganin maleriya bai ji ba. Ta warke da kanta, amma hankalina bai kwanta ba, don na zauna a rumfar nan na ji abin da irin wannan zazzaɓin kan iya nufi. Ban shawarci kowa ba na tafi wurin Sista Maimuna na zazzage mata komai. Matar nan ta riƙe kai. Tani kuwa da ta ji, ta ce na tona mata asiri, ta daina amsa gaisuwata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sauƙin da abin ya zo da shi. Sista Maimuna ta shiga ɗakin, ko minti goma ba ta yi ba ta fito. Ta tambayi Fiddausi kai tsaye ko tana allura, ta ce i. Ko za ta yarda a gwada ta, ta ce i. Ta tambaye ta me ya hana ta zuwa tuntuni, ta ce ba wanda ya ce ta zo. Sharaɗinta ɗaya, kada a yi a Dutsin-Ma inda kowa ya san Adda.

Ranar Laraba muka bi motar 'yan kasuwa zuwa Kurfi, ni da ita. Tana gefen taga tana kallon gonakin da aka gama girbewa, har tana nuna mini hanyar da ke shiga Tamawa kamar ban sani ba. Aka ɗiga jininta a ɗan abin gwajin, muka zauna jira. Ma'aikaciyar ta duba, ta ɗauko wani iri ta sake gwadawa. Da na ga ta jawo kujerarta kusa da yarinyar na san amsa. Ni ce na yi kuka. Fiddausi ta tambaya kawai ko yau za a fara ba ta maganin ko sai ta dawo.

Mun iso gida bayan la'asar. Rumfa ba kowa sai Tani tana tsince gashi daga matsefi. Ta dube ni, ta ga idona, matsefin ya faɗi. Na ɗauka Fiddausi za ta wuce ɗaki yadda ta saba. Sai ta tsaya a gaban uwarta, ta cire mayafi, hannayen nan duk tabo suka fito fili.

Ta ce, "Adda, na kamu."

Tani ta sunkuyar da kai. Da ƙyar ta ce wa ƙasa, ba a sha maganin ba ke nan.

"Suna cikin masai, duka biyun. Na san mi ne ne, na san yadda a ke sha. Kwanan farko shina tada zuciya, kar a ji tsoro. A sa auduga. A sha da asuba. A rayu tukuna. Duk na haddace, Adda, ta tagar can. Kullum ina kwance ina jin ki kina hwaɗa ma ɗiyan wasu, kina ce masu ɗiyata. Na ce wata rana za ki shigo ki hwaɗa mani ko da zagi ne. Sai na fito wanka na iske kin aje mani kamar yadda a ke aje ma kare tuwo."

Ba ta ɗaga murya ba ko kaɗan. Ta ce ta san wauta ta yi, ta san kanta ta cuta, ba sai an gaya mata ba. Ta ce da ta ga robar farko ta yi niyyar sha, har ta buɗe. Sai ta ce bari ta jefar ta gani, in Adda ta damu za ta tambaya ko ana sha, yadda take tambayar kowa. Ta jira wata guda. Ba a tambaya ba, aka sake ajiye wata.

Na zaci Tani za ta tashi ta shige ɗaki, don haka jininmu yake. Ba ta tashi ba. Ta jawo tabarma da ƙafa ta ce a zauna. Fiddausi ta zauna suna fuskantar juna, abin da Tani ba ta yi da kowa ba a rumfar nan. Sai ta fara magana. Ta ce wannan cuta yanzu ba mutuwa ba ce. Ƙwaya ɗaya ce kullum, in aka riƙe ta cutar za ta kwanta har gwaji ya kasa ganinta. Za ta iya aure, za ta iya haihuwa ɗan ya fito lafiya. Ta yi mata zancen allura dalla-dalla, da inda ake taimakon masu son rabuwa da ita, da zancen maza, duk abin da ta ce ba ta da idon faɗa. Ban taɓa jin ta yi magana mai kyau irin ta ranar ba. Na tsaya jikin turken rumfa ina jin kamar in kama mu duka ukun da duka.

Fiddausi ta saurara har ƙarshe. Ta ce to, ta ji, za ta sha. Ta tashi ta ɗauki mayafinta ta shiga ɗaki.

Shekara ɗaya da rabi ke nan. Tana shan maganinta ba fashi, ta yi ƙiba kaɗan. Allurar ta ragu sosai, ta taɓa yin wata huɗu ba ta yi ba, ta koma, ta sake dainawa. Suna magana da uwarta yanzu, ba da yawa ba, irin ta mutanen da suka haɗu da girma. Tani da kanta ta je ta gaya wa Sista Maimuna zancen robobin nan biyu, ta ce a sallame ta. Ba a sallame ta ba. Ta rufe rumfa wajen wata guda, sai Mas'uda ta kwaso sauran suka zo suka zauna a tabarma da kawunansu a tsefe, suka ce ba inda za su. Ta fito ta ɗauki matsefi. Tana aikin har yau, kuma in uwa ta rako 'yarta, takan sa uwar ta zauna a yi zancen da ita. Amma tsokanar nan da dariyar da aka san ta da su sun tafi, ta tsufa a shekara ɗaya.

Ni da ita mun shirya ba tare da wani ya ba wani haƙuri ba. Kwanakin baya na je na same ta tana gyaran zogale, Fiddausi ta tafi Kurfi karɓo magani. Muna ta aiki. Can ta ce, ba ta dube ni ba, "Hasana, ki hwaɗa mani tsakaninki da Allah. Ranar da na tsaya ƙofar ɗakin nan, da na yi magana, da ta ji?"

Na so in yi mata ƙarya. Amsoshi masu sanyi suna nan birjik a bakina, ƙaddara ce, mai shaye-shaye ba ya jin magana, wa ya sani. Da na faɗi ɗaya da ta karɓa, da ta samu barci. Amma da Allah ta haɗa ni, kuma na ga yadda yarinyar nan ta amsa wa baƙuwa cikin minti goma.

Na ce, "Da ta ji, Adda."

Ta gyaɗa kai ta ce ita ma haka ta gani. Ta ci gaba da tsinke ganyen, hawaye na sauka a cikin faranti, ba ta share ba.